Ɗan waƙafin saman nan na Turanci da ya taɓa ja mana asarar bana guda

Jama'a yau magana zan yi a kan wani ɗan ƙaramin abu da mutane da yawa ba sa ma lura da shi, amma mu da muke zaune a shagon taifin da buga katin biki da bana, wato ƙyallen talla ko sanarwa, kullum sai mun yi arba da shi, wato ɗan waƙafin nan da ake ratayawa a saman kalma a Turanci, wanda suke kira afostirofi. Wanda ake sawa a Musa's shop ko girls' school ɗin nan dai.

Abin da ya sa na damu da shi haka, lokacin ina yaron shago ne wata makarantar 'yan mata ta kawo mana aikin bana ta bikin yaye ɗalibai, ƙatuwa ce, irin wadda ake ɗaurawa a bakin get. Ni na yi taifin ɗin, maigidana ya leƙo ya duba kala da hoto yace a tura, aka tura wajen masu babban inji aka bugo. Washegari da sassafe sai ga malamar Turancin makarantar da kanta da banar a naɗe a hammata, ta shimfiɗa ta a kan tebur ta ɗora yatsa a waje ɗaya tace, "Malam, mu ɗalibanmu sun fi ɗari huɗu, kai kuma ka rubuta makarantar yarinya ɗaya ce." Na duba, Girl's na rubuta a inda ya kamata a ce Girls'. Maigidana ya ɗan roƙa ko za a bari a manna sitika a wajen, tace ina, ita ba za ta tsaya gaban iyaye da baƙi a ƙarƙashin kuskuren da take dukan tebur a kansa a aji ba, kuma gaskiyarta ce wallahi. Haka aka sake bugawa da kuɗin shago. Maigidana bai min faɗa ba, abin da ya faɗa kawai shi ne in je in koyi abin nan da kyau tunda aikinmu ne, kuma tun daga ranar na ɗauki abin da gaske.

To bari in faɗa muku abin da na gano, wanda da an faɗa min shi tun a firamare da ban sha wahala ba. Mu Hausawa in za mu ce abu na wani ne, abin muke fara faɗa sannan mai shi, kuma mu liƙa n ko r a jikin abin. Gidan Audu, motar Audu, awakin Audu. Bature kuma juyawa yake, mai abu ne a gaba, kuma shi ake liƙa wa alamar, Audu's house, Audu's car. Shikenan fa asalin maganar. Wannan 's ɗin aikin da n da r suke mana shi yake musu, sai dai namu yana jikin dukiya, nasu yana jikin mai dukiya.

Inda ake rikicewa shi ne in masu abin suna da yawa. A Hausa kunnenka ma ya ishe ka, littattafan yaro daban, littattafan yara daban, ko a duhu aka faɗa zaka gane. A Turanci kuwa boy's books da boys' books in aka furta sauti ɗaya ne tak, babu bambanci ko kaɗan, a rubuce ne kawai ɗan waƙafin ke nuna maka yaro ɗaya ne ko yara. Shi ya sa wanda ya iya Turanci a baki kamar ruwa zaka ga yana faɗawa ramin nan in ya zo rubutu, don kunne ba ya taimako a nan.

Dabarar da nake koya wa yaran shagona yanzu ita ce, kar ka fara tunanin ina zan sa waƙafi, fara tambayar kanka da Hausa, na wa ne? In amsar ita ce na yaro, rubuta boy tukuna, ka gama da mai abu, sai ka sa waƙafi, sai s. In amsar na yara ce, rubuta boys, ka gama da masu abu, sai ka sa waƙafi, to tunda ga s can a zaune ba sai ka ƙara wani ba. Ma'ana duk abin da ya zo kafin waƙafin, ta hagu, shi ne mai abin cif-cif. Rufe waƙafin da abin da ya biyo shi da yatsa ka karanta abin da ya rage. Girl's ka rufe ya rage girl, yarinya ɗaya. Girls' ka rufe ya rage girls, 'yan mata. Da na san wannan a ranar banar nan da minti ɗaya ya ishe ni in kama kuskuren.

Kuma wannan dabarar ce take warware su children da women da men da people, waɗanda jam'insu ba ya ƙarewa da s. Na wa ne? Na yara, children. Ka gama da masu abu, sai 's, children's. Don haka Children's Day ake rubutawa ranar 27 ga Mayu, ba Childrens' ba, don in ka rufe waƙafin zaka ga childrens, kuma babu wata kalma haka a Turanci. Haka women's wear, men's shoes. Amma ranar ma'aikata ta 1 ga Mayu Workers' Day ce, ta malamai ta 5 ga Oktoba Teachers' Day, ƙungiyar gwamnoni Governors' Forum, duk waƙafi a bayan s saboda jam'insu da s ya ƙare. Duk shekara in watan Mayu ya kama sai mun gyara wa makarantu wannan a fosta, wasu su gode wasu su yi ta musu sai an buɗe musu littafi.

Misalin da ya fi shiga kan mutanenmu da sauri kuwa shi ne na aure. My brother's wives, matan ɗan'uwana, mutum ɗaya ne mai mata biyu ko uku ko huɗu. My brothers' wives, matan 'yan'uwana, wato kowane da tasa. Kaga harafi bai canza ba, wurin zaman ɗan waƙafi ne kawai ya matsa da taku ɗaya, amma labarin gidan gaba ɗaya ya canza. Duk wanda na ba wannan misalin ba ya sake mantawa.

Yanzu kuma ga babbar cutar da ta fi yawa a allunan shaguna, ku dan Allah in kun fita kasuwa ku ɗaga kai ku duba. Shoe's and bag's. Recharge card's. Phone's and accessorie's. Mutum ya ga s a ƙarshen kalma sai hannunsa ya kai ga waƙafi, alhali nan ba mallaka ake nufi ba, jam'i ne kawai, takalma da jakunkuna, babu mai su a cikin jimlar. In ka mayar Hausa ka ga babu n ko r ko na ko ta, to babu ruwan waƙafi a wajen. A katin biki ma haka, The family's of Alhaji wane da Alhaji wane, wannan kusan duk sati sai an kawo min shi a rubuce a takarda, abin da ake so shi ne The families of, iyalai biyu ne suke gayyata. Kuma kar mu ɗauka mu kaɗai ne, su kansu Turawan Ingila suna da sunan da suka sa wa wannan kuskuren, suna ce masa waƙafin mai kayan miya, saboda masu sayar da tumatur da ayaba da lemo a can sun yi suna wajen rubuta banana's da apple's a allon farashi. Wato mai harshen ma yana tuntuɓe a nan.

Sai its da it's, wanda shi kam har masu digiri na biyu yana kayar da su a furojet ɗin da suke kawo mana taifin. Hankali zai ce maka tunda mallaka da 's ake yi to nasa na dabba ko na abu ai it's ne. A'a. Wakilan suna ba sa ɗaukar waƙafi in mallaka ce, his, hers, ours, yours, theirs, its, duk haka suke tsirara. It's mai waƙafi gajarta it is ne ko it has. Haka whose da who's, na farko na wa, na biyu wane ne. In ka yi shakka warware shi ka karanta it is a wajen, the goat broke it is leg, kaji ai bai zauna ba, to its ake so. Abin da ya ɗan sanyaya min rai da na karanta tarihin shi ne, su ma da can it's suke rubutawa da waƙafi a mallaka har wajen farkon ƙarni na 19, har Thomas Jefferson shugaban Amurka na uku haka yake rubuta shi. Daga baya ne aka raba su. Don haka wanda ya yi kuskuren nan ba rashin tunani ne ya sa shi ba, tunanin ma ya yi, ƙa'idar ce ta kauce daga inda tunani zai kai ka, sai dai a haddace.

Tarihin abin shi kansa yana min daɗi saboda 'yan sana'armu ne suka kawo shi, masu ɗab'i. Kalmar afostirofi daga Girkanci take, kuma asalin aikin alamar shi ne ta nuna an cire harafi a nan. Wani mai buga littattafai a Faransa, Geoffroy Tory, yana cikin waɗanda suka shigar da ita rubutun Faransanci a 1529, daga can Turawan Ingila suka aro a cikin ƙarni na 16. To a tsohon Turanci mallaka da es ake yin ta a ƙarshen sunaye da yawa, kamar a ce kinges, na sarki. Da tafiya ta yi tafiya aka daina furta e ɗin, sai aka sa waƙafi a gurbinsa ya zama king's. Akwai ma lokacin da wasu suka zaci 's ɗin gajarta his ne, har suna rubuta the king his crown, amma wannan bai riƙe ruwa ba, don in haka ne ai queen's ba zai yiwu ba. Shi kuma na bayan s ɗin nan na jam'i, irin na girls', shi ne autansu, sai a ƙarni na 18 zuwa na 19 ya zauna daram. Kaga ashe ba wani abu ne da ya sauko a kammale ba, a hankali masu ɗab'i da masu nahawu suka yi ta gyara shi.

Mu kuma matsalarmu ta ɗaya ita ce a Hausa wannan alamar harafi ce mai zaman kanta, alhamza. Sa'a, ma'ana, jama'a, ɗan'uwa, 'ya'ya. In ka cire ta kalmar ta lalace. 'Yan'uwanmu na Nijar ma su ƴ suke rubutawa mai lanƙwasa a inda mu muke sa waƙafi da y. Ga kuma masu waya marar haruffan Hausa da suke rubuta k'asa da d'aki da b'era. Wato idonmu ya saba ganin ta a matsayin sauti, shi ya sa yaro in ya ga Musa's sai ya nemi ya ɗan datse murya a wajen kamar yana faɗin sa'a, alhali a Turanci ba a furta ta ko kaɗan. Sannan in sunan yana da tasa alhamzar sai su zama biyu, Mu'azu's shop, Sa'adatu's kitchen, kwastoma ya ce min oga waƙafin nan bai yi yawa ba? Bai yi ba, ta farko ta Hausa ce ta sunanka, ta biyu ta Turanci ce ta mallaka, kowace da aikinta. Ɗan abin lura ga masu taifin, in ka fara kalma da ita a Microsoft Word kamar 'yan ko 'ya'ya, sai kwamfuta ta juya mata fuska ta mayar da ita alamar buɗe zance, a ƙaramin rubutu ba a gani amma a bana mai manyan haruffa tsaf take fitowa, sai ka gyara da hannu.

Sai sunayen da suka ƙare da s, kuma muna da su da yawa, Idris, Abbas, Yunus, Ilyas, Anas, Bilkis. Idris's car ne ko Idris' car? Nan kam su masu harshen ba su daidaita ba har yau. A 2024 da Kamala Harris ta tsaya takarar shugaban Amurka sai da aka yi ta cacar baki a kan wannan, kamfanin dillancin labarai na AP yana rubuta Harris', jaridar New York Times tana rubuta Harris's. Jihar Arkansas ta Amurka ma sai da majalisarta ta zartar da ƙuduri a 2007 cewa Arkansas's za a riƙa rubutawa. A Landan akwai St James's Park, filin ƙwallon Newcastle kuma St James' Park ne, masu kallon firimiya sun san shi. Ni dai ra'ayina Idris's nake sawa, dalilina kuwa shi ne haka ake furtawa, kana jin ƙarin sautin a ƙarshe, kuma ya bi dabarar nan tawa ba tare da togiya ba, rubuta mai abu, sa waƙafi, sa s. In kwastoma ya dage a kan ɗayan ba na ja da shi don ba kuskure ba ne, sharaɗina ɗaya, kar a sa wannan a sama a sa wancan a ƙasa a takarda ɗaya. Abin da ba zan bari ya fita daga shagona ba shi ne Idri's, don wannan ka yanka wa mutum suna biyu.

Akwai wasu ƙananan wurare da zan ratsa da sauri. In mutum biyu suka haɗa abu ɗaya, na ƙarshe ake sa wa, Hassan and Hussaini's shop, shago ɗaya na tagwaye. In kowa da nasa, Hassan's and Hussaini's shops. In sunan dogo ne a ƙarshensa ake sawa, the Emir of Kano's palace, fadar Sarkin Kano, my mother-in-law's house, gidan surukata. Lokaci ma yana ɗauka, two weeks' leave, hutun sati biyu, a day's work, aikin yini guda, kaga a nan ma Hausa n ta sa, wato in ka bi Hausar ba za ta yaudare ka ba. Sai master's degree, dan Allah masu rubuta takardar neman aiki a riƙa sa masa waƙafinsa.

Wani zai ce to wai duk wannan wahalar ta mece ce, ai ana ganewa. Su ma can an yi wannan muhawarar sosai. Hukumar birnin Birmingham ta daina sa shi a allunan tituna a 2009. Hukumar yankin North Yorkshire a Ingila ta ce za ta yi haka a 2024 wai yana rikita musu kwamfuta, mutanen garin Harrogate da ke yankin suka fusata har wani ya ɗauki alƙalamin maka ya mayar da waƙafin a allon St Mary's Walk da hannunsa, ƙarshe hukumar ta janye. Amurka kuwa tun 1890 hukumar sunayen wurare ba ta son sa, sunaye biyar kacal ta yarda su riƙe nasu, wanda aka fi sani shi ne Martha's Vineyard. Kantin littattafai na Waterstones ya cire nasa a 2012, McDonald's kuma har gobe da nasa. Akwai ma wani dattijo tsohon ɗan jarida, John Richards, da ya kafa ƙungiya sukutum ta kare wannan alamar a 2001, ya yi ta rubuta wa masu shaguna wasiƙa cikin ladabi, sai a 2019 yana da shekara 96 ya ce ya gaji ya ajiye. Ni wallahi dattijon nan ya burge ni, don na san irin abin da yake ji in ya ga allo da kuskure.

A sunan titi ko na kamfani na yarda, suna ne, mai shi ya rubuta yadda ya ga dama, kai kuma ka kwafa yadda yake. Amma ko a sunan ma wani lokacin waƙafin tarihi yake ɗauke da shi. Queen's College ta Legas da aka buɗe a 1927 waƙafinta kafin s yake, haka ta Oxford. Ta Cambridge kuwa Queens' ce, bayan s, saboda sarauniya biyu ne suka kafa ta, Margaret ta Anjou a 1448, sannan Elizabeth Woodville ta sake kafa ta a 1465. Ɗan ɗigon nan shi kaɗai ya ajiye maka labarin mata biyu.

Inda kuma ba na yarda a ce ai ana ganewa shi ne takardar da za a sa wa hannu. Kwanakin baya wani dattijo ya zo da jikansa da wata takarda da aka rubuta masa da biro, yana so a buga ta tsaf, takardar kyautar gida ce. A ciki an rubuta the house is now my son's property. Na karanta na sake karantawa, sai na ga a ƙasa an jera sunaye uku. Nace, "Baba, gidan nan ɗanka ɗaya ka ba, ko su duka?" Ya ɗago ya kalle ni yace, "Su ukun mana ɗana, ai ga sunayensu nan." Nace to abin da aka rubuta a sama cewa yake na ɗa ɗaya ne. Jikan ya karɓa ya duba yace shi bai ga bambanci ba, sai na rufe waƙafin da s da yatsa na nuna masa, son, ɗa ɗaya, na rubuta ɗayan a gefe na sake rufewa, sons, 'ya'ya maza. Dattijon ya yi shiru can yace, "Ikon Allah, wannan ɗan abin?"

Na gyara ya koma sons', kuma ban tsaya nan ba, na ba shi shawara a ƙara my three sons a jera sunayensu a cikin jimlar kanta, sannan ya kai wa lauya ya duba kafin kowa ya sa hannu, don ni mai taifin ne ba lauya ba. Na karanta masa da Turanci na fassara masa da Hausa layi-layi, ya gyaɗa kai, na buga kwafi huɗu, ɗaya nasa, uku na 'ya'yan.